Goɗiyar Bisun Dayal

Duk baƙon da ya sauka Namaloa hutu, kafin ya kwance jakarsa an riga an gaya masa abin da zai yi da kwanakinsa. Za a ɗauke shi a kwalekwale ya je ya leƙa kifaye a wajen duwatsun murjani, ranar Asabar ya kalli rawar wuta a otal, in mace ce ta zo wurinmu a inuwar kwakwa mu yi mata kitso da duwatsun ado. Daga nan a ce masa kada ya kuskura ya bar garin bai hau doki a bakin teku ba. Shekaru masu yawa, in aka ce doki a Namaloa mutum biyu ake nufi. Akwai Waisake, ƙato mai dawaki uku da murya kamar ganga. Akwai kuma Bisun Dayal, mai goɗiya guda ɗaya tak.

Ni ce Salanieta mai kitso. Tabarmata tana kusa da turken goɗiyar tasa, don haka abin da zan faɗa a kansa yawanci a kan idona ya faru, saura kuma daga bakinsa na ji ko daga bakin matarsa.

Baba Bisun ba mutumin teku ba ne. A can cikin ƙasa aka haife shi, a gonar rake, bayan tuddan da muke hangowa daga nan. Kakansa yana cikin waɗanda aka kwaso daga Indiya a jirgin ruwa don aikin rake, ubansa kuma ya karɓi hayar ƙasa daga wata zuriya ta mutanenmu, ya gina gidan kwano, ya shuka mangwaro a ƙofar gida. Nan Baba Bisun ya tashi, nan aka kawo masa Suruj Mati, nan suka haifi ɗansu Vimlesh. Lokacin sara yakan fita da adda tun ƙasa tana da raɓa, ya dawo baƙi ƙirin da tokar ganyen rake. In an gama sara ya koma garma, shi da shanunsa biyu da goɗiyar nan.

Sai wa'adin hayar ya cika. Masu ƙasa suka ce samarinsu sun yi yawa, suna son abinsu. Ba a yi faɗa ba, ba a zagi kowa ba. Baba Bisun ya cire kwanon rufinsa ɗaya bayan ɗaya, ya loda a babbar mota tare da gado da tukwane, ya sauko bakin kogi a bayan gari inda wani ɗan'uwan matarsa ya nuna masa fili. Ya sayar da shanun. Vimlesh, wanda ya koyi gyaran mota, ya samu hanya ya tafi birnin Auckland a ƙasar waje. Goɗiyar ce kawai Baba Bisun ya ƙi rabuwa da ita, ko da yake babu sauran abin da zai noma.

Ranar da ya fara zuwa bakin teku ina tsakiyar yi wa wata Baturiya kitso. Na ɗaga kai na ga wani siririn dattijo da dogon wando da takalmin roba na gona, yana jaye da jar goɗiya mai faɗin baya. Sirdin da ya ɗaura mata buhu ne ya ninka ya ɗinke, ya shimfiɗa bargo a kai. Ya tsaya can nesa kamar wanda ya zo gidan da bai san mai shi ba.

Waisake ya hango shi, ya taho yana karkaɗa igiya.

"Kai mai rake, ka ɓata hanya ne? Masana'antar sukari tana can baya."

"Aiki na zo nema, ɗan'uwa," in ji Baba Bisun cikin harshenmu, da karyayyen lafazinsu na mutanen gona.

"Aiki? Da wannan? Ai wannan tebur ne mai ƙafa huɗu. Me sunanta?"

"Bijli."

"Me ke nan?"

"Walƙiya."

Waisake ya yi dariya har ya dafa gwiwa. Da ya gama sai fuskarsa ta canza, ya ce yashin nan yana da masu shi, ba a shigo masa haka kawai. Baba Bisun bai musa ba. Ya juya da goɗiyarsa ya tafi.

Washegari da safe ya sa farar riga, ya ɗauki ɗaurin saiwar kava, wadda muke damawa mu sha a taron girmamawa, ya je gidan mai gari. Mijina yana wurin, shi ya ba ni labari. Ya ce dattijon ya cire takalmi, ya shiga a sunkuye, ya zauna a ƙarshen tabarma ya yi magana yadda ake yi, bai tsallake komai ba. Dattijon ya ce shi mutum ne da ya rasa gona, yana da mata, yana da dabba guda, yana roƙon a ba shi gefen yashi. Mai gari ya karɓi saiwar, aka tafa hannu, aka dama, aka sha. Aka yanke cewa daga bakin kogi zuwa baƙin dutse nasa ne, daga dutsen zuwa gaban otal na Waisake.

Samun izini daban, samun baƙi daban. Waisake ya iya baƙi. Yakan tare su da ihu da waƙa, ya sa wa mace fure a kunne, ya kira kowane namiji shugaba. Baba Bisun kuwa sai ya tsaya riƙe da ragama yana kallon ƙasa, in baƙo ya dube shi ya ɗan rusuna, shi ke nan. Sati ya zo ya wuce babu wanda ya hau Bijli. Abin ya dame ni. Wata rana ina yi wa wata yarinya kitso, ƙanenta yana ta kuka don an ce dawakin Waisake sun fi ƙarfinsa, sai na ce wa uwar ga wata can, ko jariri aka ɗora mata ba za ta kayar da shi ba.

Haka aka fara. Bijli ba ta san sukuwa ba, ba ta kuma da niyyar koya. Tafiya take yi a miƙe sak kamar an ja mata zare, kanta a ƙasa, in ta yi nisan kunya guda ta gonarsu ta da sai ta juyo da kanta ta kama layin da ke gefe. Baba Bisun ya sha fama kafin ya koya mata cewa yashi ba gona ba ne, a ci gaba har dutse. Duk da haka in hankalinsa ya tafi wani wuri sai ta juyo da baƙo a tsakiyar hanya, baƙon ya yi ta dariya yana tsammani wasa ne aka koya mata. Kafin a jima duk mai ƙaramin yaro, da tsofaffi masu ciwon gwiwa, da matsoratan da ba su taɓa hawa dabba ba, Bijli suke nema. Samari masu son a ɗauke su hoto cikin gudu suna fantsama ruwa, su kuma su tafi wurin Waisake.

Abu ɗaya ne Baba Bisun ba ya yi. Ba ya shiga ruwa. In baƙo ya roƙa a kai shi cikin teku don hoto, sai ya girgiza kai ya nuna masa Waisake. Iyakarsa inda kumfa take mutuwa a kan yashi, ko nan ma in igiyar ruwa ta taho da ƙarfi sai ka ga ya ja da baya da sauri. Waisake bai bar wannan ya wuce shi ba.

"Tsoho, ruwan nan ba ya cizo fa! Shekara nawa kana tsibiri?"

"Kakana ya shiga sau ɗaya, ka ga inda ya tsinci kansa," in ji Baba Bisun. "Ya ishe mu."

Da rana in baƙi sun koma otal cin abinci, yakan kwance sirdi, ya kawo wa goɗiyar ruwan daɗi a bokiti, ya goge mata baya, sannan ya zauna ya buɗe ƙunshinsa. Kullum roti ne, wato gurasarsu ta fulawa, da miyar kabewa ko ta wake. Tun daga ranar yaron nan mai kuka ƙunshin ya zama biyu. "Uwar Vimlesh ta ce a ba ki," haka yake cewa ya ajiye a bakin tabarmata. Ni kuma in mun dafa kifi da madarar kwakwa sai in zubo masa. Bai taɓa yi mini dogon zance a kan gonar ba. Sai dai in ƙaramin jirgin ƙasa mai ɗaukar rake ya yi kuwwa daga bayan gari, yakan dakata da tauna har ƙarar ta ɓace.

Shekarar da babbar guguwa ta zo ne shi da Waisake suka daina zama kishiyoyin sana'a kawai. Tun safe rediyo yake faɗa, otal ya kwashe baƙinsa, mu kuma muka ɗaure abin da zai ɗauru muka nufi zauren coci a kan tudu. Ana cikin shiga Waisake ya duba ya ce, "Ina mai rake?" Kowa ya san gidansu a bakin kogi yake, kuma kogin nan ba ya jira. Waisake ya ɗauki ƙannensa biyu suka sauka cikin iska. Suka tarar Baba Bisun ya ɗaɗɗaure rufi da igiya ya zauna, wai ba zai tafi ya bar Bijli ba, kuma ya san ba a kai dabba ɗakin ibadar mutane.

"Tashi, tsoho, kada ka sa in ɗauke ka kamar buhun rogo," in ji Waisake. "Teburin naka ma mu tafi da shi."

Suka iso jiƙe sharkaf, Inna Suruj a bayan ɗaya daga cikin ƙannen, goɗiyar a biye. Fasto ya dube su, ya dubi sama, ya ce a buɗe ɗakin ajiye kujeru a sa ta. Muka wuni muka kwana a zauren nan, muna waƙoƙin coci, su biyu suna zaune a tsakiyarmu an lulluɓa musu bargo ɗaya. Da gari ya waye aka sauka, ba a samu gidansu ba, sai turaku huɗu da laka. Mazan garinmu ne suka tsinto kwanon a cikin itatuwan bakin kogi suka miƙe shi da guduma, aka sake kafa ɗakin a wuri mai ɗan tudu. Waisake ya ci gaba da tsokanarsa kamar da, amma daga lokacin in wani baƙo ya ɗaga wa dattijon murya, kafin ya rufe baki ya ga inuwar ƙato a kansa.

Inna Suruj ta daɗe da ciwon sukari. Bayan guguwar ta taka wani abu a cikin lakar, ƙaramin rauni a ɗan yatsa, ya ƙi warkewa. Aka yi ta kai ta asibiti, aka cire yatsan, daga baya aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Da aka sallamo ta babu mai zama da ita a gida, shi kuma in bai fito ba babu abinci. Sai ya riƙa ɗora ta a kan Bijli kowace safiya, ta zauna a karkace ta riƙe geza, ya jawo su a hankali har inuwarmu. Ya sauke ta a kan tabarmata kamar mai sauke ƙwai.

A nan na san ta sosai. 'Yar ƙaramar mace ce mai kaifin baki, duk maganar da mijinta bai yi ba ita ta tara. Tana zaɓar mini duwatsun kitso kala-kala tana miƙo mini, tana kallon baƙi tana sharhi.

"Salanieta, dubi wancan. Ya biya kuɗin jirgi daga ƙarshen duniya don ya zo ya kwanta a rana ya gasu kamar kifi. Mu da muka yi shekaru muna gudun ranar nan a gona, ashe arziki muke gudu."

"Inna, za su ji ki."

"Su ji mana. Wa ya iya yarenmu a cikinsu?"

Ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, shi ma haka. In ya dawo daga kai baƙo sai ta ce, "Uban Vimlesh, ka sha ruwa, ka bar ba dabba kaɗai." Shi kuma ya ce, "Na ji," ya ba dabbar tukuna.

Tana ramewa muna gani. Roti ya daina zuwa, don ba ta iya tsayuwa a murhu, shi yake dafa musu shinkafa da safe. Wata rana da la'asar, ruwa ya janye, teku ta kwanta lum har ana ganin yashin ƙasa, baƙi sun ragu. Inna Suruj ta daɗe tana kallon wasu yara suna wasa a ciki, sai ta ce, "Uban Vimlesh, kai ni cikin ruwan can."

"Wane ruwa?"

"Ruwa nawa kake gani a gabanka?"

"Ke, da wannan ƙafar? Likita ya ce kada ta jiƙe."

"Wadda likita yake magana a kanta ai ya riƙe abarsa a asibiti. Ɗayar tawa ce. Kullum ina zaune ina kallon mutanen duniya suna shiga suna fita, ni da aka haifa a ƙasar ban san yadda yake ba. Ka kai ni."

Na buɗe baki zan ce a kira Waisake ya kai ta, sai ta dafa mini hannu. Baba Bisun ya sunkuya ya cire takalmin robarsa, ya jera su a gefen tabarma. Ya ɗaga ta ya ɗora a kan goɗiyar, ya kama ragama.

A bakin kumfa ya tsaya kamar yadda ya saba. Bijli ma ta tsaya. Sannan ya sa ƙafa. Bai naɗe wando ba, bai waiwayo ba. Ruwa ya kai masa idon sawu, ya kai gwiwa, yana tafiya yana jan ƙafa kamar mai tsoron ƙasa za ta ƙare. Waisake yana can yana wanke dawakinsa, ya hango su, ya saki abin da yake yi ya biyo su a baya daga nesa kaɗan. Ban taɓa ganin bakinsa a rufe haka ba. Da ruwa ya kai wa dattijon ƙugu, ya taɓa cikin goɗiyar, ƙafar Inna Suruj ta nutse. Muka jiyo muryarta har inda muke.

"Ashe ɗumi gare shi! Uban Vimlesh, ɗumi gare shi kamar ruwan wanka!"

Ta sunkuya ta ɗebo da hannu ta wanke fuska, ta ɗanɗana ta tofar, tana dariya. Ta ɗebo ta zuba masa a ka. Suka tsaya a nan har rana ta yi ja. Da suka fito leɓensa ya yi fari, ya sauke ta ya zauna a kan yashi. Ita kuwa ta ce mini, "Gobe ma za mu koma."

Sun koma, ba sau ɗaya ba, duk ranar da teku ta kwanta. Kafin lokacin saran rake ya zagayo ta daina iya zama a kan goɗiyar. Ta rasu a ɗakinsu da hantsi, yana shafa mata mai a hannu.

Vimlesh ya zo daga Auckland, mutum mai ƙiba da tabarau, yana ta share hawaye. Aka ƙona gawarta yadda addininsu ya tanada, mu matan gari muka je muka zauna a gefe da baƙaƙen kayanmu. Tokar kuma sai an kai ta teku. Waisake ya aro kwalekwalen yayansa, ya ɗauki uban da ɗan da malamin addininsu, suka wuce duwatsun murjani zuwa inda ruwa yake shuɗi sosai. Ya gaya mini daga baya cewa dattijon ya riƙe tulun tokar a ƙirji har suka isa, da aka ce ya zuba sai ya leƙa ruwan ya daɗe, ya tambaya ko nan ma da ɗumi. Waisake ya sa hannu ya taɓa ya ce masa e.

Kafin Vimlesh ya koma ya same ni a inuwa.

"Yaya Salanieta, ki taya ni yi wa Baba magana. Ɗaki yana can na gyara masa. Jikokinsa ba su san shi ba sai a waya. Me zai zauna yi a nan, yana jan doki da baƙi a wannan shekarun?"

Na ce zan gwada. Da na yi masa maganar sai ya ce, "'Yata, Bijli fa? Jirgin sama yana ɗaukar goɗiya?"

Ya ƙara shekara biyu tare da mu. Yana fitowa kullum, amma ya rage tafiya, wani lokaci ya kai baƙo dutse ya zauna ya huta kafin su juyo. Idonsa ya fara yin hazo. Wata rana ya faɗi a kan yashi da ragama a hannu, wata baƙuwa tana bisa. Bijli ta tsaya cak ba ta motsa ba har aka zo aka ɗaga shi. A ranar da yamma Waisake ya zo ya zauna a gabansa, ya ajiye wasa gefe.

"Baba," in ji shi, kuma ban taɓa jin ya kira shi haka ba, "ka tafi wurin ɗanka. Ka bar mini ita. Na rantse maka babu baƙon da zai sake hawanta. Ta yi aikinta. Akwai ciyawa a bayan gidana har ta gaji da ci."

"Ba ta cin dusa in ba a jiƙa ba."

"Zan jiƙa."

"Kuma ba ta son a zo mata ta hagu."

"Na sani, tsoho. Shekara nawa ina kallonku?"

Mun yi masa taron sallama a zauren gari. Aka dama kava, aka ba shi ƙoƙon farko bayan mai gari, mata suka rataya masa furanni, aka shafa masa hoda a kumatu yadda muke yi wa namu in za su yi nisa. Aka ce ya yi magana. Ya miƙe ya ce ya zo garin nan da dabba ɗaya da mace ɗaya, ɗaya tana cikin tekunmu, ɗaya tana bayan gidan Waisake, don haka kada mu ɗauka ya tafi da wani abu. Ya zauna. Muka yi masa waƙar bankwana, maza suna kallon ƙasa.

Da safe kafin motar filin jirgi ta zo ya je ya ga goɗiyar shi kaɗai. Babu wanda ya bi shi.

Yana kiran Waisake a waya ranar Lahadi bayan an taso coci, ni ma a miƙo mini mu gaisa. Ya ce sanyin can yana shiga har ƙashi, kuma mutane ba sa gaisuwa a hanya. Ya ce an yi masa aikin ido, yanzu yana gani tar, sai dai babu abin kallo sai katanga. Kowace hira a kan Bijli take ƙarewa, Waisake ya kai wayar kusa da kunnenta, dattijon ya yi mata magana da yarensu.

Ta yi shekara ɗaya da wani abu tana hutawa. Wata safiya Waisake ya fito ya tarar ta kwanta a gindin mangwaronsa ba ta tashi ba. Shi da ƙannensa suka haƙa rami a nan inda take, aikin wuni guda, suka rufe ta da bargon sirdinta. Sai gardama ta tashi tsakaninmu. Ni na ce kada a gaya masa, tsoho ne, yana ƙasar mutane, me amfanin? A bar shi yana jin tana nan. Waisake ya ce shi ba zai riƙa kai waya kunnen iska yana yaudarar dattijo ba.

Ranar Lahadi wayar ta yi ƙara muna tsaye a ƙofar coci. Waisake ya koma gefe, na bi shi.

"Baba, Bijli ta tafi. Ranar Alhamis, cikin barcinta. Ba ta sha wahala ba."

Na matsa kusa da wayar. Sannan muka ji ya ce, "Kun rufe ta, ko kun bar wa karnuka?"

"Haba Baba. Mun rufe ta, da zurfi. A gindin mangwaro."

"Mangwaro," in ji shi. "To, madalla. Na gode, ɗana. Ka gaida Salanieta."

Bayan wannan kiran nasa ya ragu, daga kowane mako ya koma sai an yi wata, daga baya sai lokacin bukukuwa. Na yi ta jin haushin Waisake a kan haka, shi kuma ya ce ko yau aka sake, abin da zai yi ke nan. Har yanzu ba mu daidaita a kan maganar ba.

Baba Bisun yana nan da rai. A watan jiya matar Vimlesh ta turo wa 'yata hotonsa. Yana sanye da babbar rigar sanyi da hular ulu har kunne, ya tsuguna a ɗan filin bayan gidansu. Ta rubuta cewa ya tone ciyawar adon da suka biya aka shuka musu, ya yi kunya uku, ya zuba kabewa da barkono da wake, kuma maƙwabta sun fara leƙowa ta katanga suna tambayarsa iri.